Yadda Muka Tattara Tarihin Kakanmu, Tsohon Sojan Yaƙin Bama

Akwatin ƙarfen ya yi shekara da shekaru a ƙarƙashin gadon Hajiya ba wanda ya buɗe shi, tun bayan rasuwar mijinta, kakanmu da ya yi yaƙin Bama, wato Burma, Allah Ya jiƙansa. Ranar da muka fito da shi tsakar gida, abin da ke ciki bai cika faranti ba: lambobin yaƙi uku da ƙyallensu ya koɗe, takardar sallama daga soja an naɗe ta gida huɗu, wani ɗan ƙyalle mai zanen mashi biyu a gicciye, hoto guda, sai wasiƙun ajami bakwai a ɗaure da zare. Alƙur'aninsa ba ya ciki. Yana zaure a rataye cikin gafaka, inda ya bar shi. Da waɗannan muka fara, aikin kuma ya ci mu wata tara. Gidaje da yawa a ƙasar Hausa suna da irin wannan akwati, gara kuwa ba ta jiran kowa, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta hanyar da muka bi da inda muka yi tuntuɓe.

Kuskurenmu na farko, da takardu muka fara. Takarda in an adana ta za ta jira, amma tsoho mai shekara tamanin da ɗoriya ba shi da wannan tabbacin. Wata biyu muka yi muna bin lambar soja, a cikinsu ƙanen kakan ɗaya da ya rage ya kwanta ciwon da ya ɗauke masa magana. Duk mai niyyar wannan aiki ya fara da masu rai, ya kuma fara da wanda ya fi tsufa.

Muka jera waɗanda suka zauna da shi, mutum goma sha huɗu: matarsa da ta rage, 'ya'yansa, 'ya'yan riƙo biyu, limamin masallacin unguwa, tsohon da suka yi iyakar gona, da mai shagon da yake karɓar sabulu da kananzir a wurinsa kafin wata ya ƙare. Wanda za a tura ya yi tambaya shi ne rabin aikin, saboda alkunya. Hajiya ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, Malam take cewa, kuma ba za ta saki baki gaban ɗanta na fari ba. Da aka tura babban ɗan da littafi da biro, abin da ya dawo da shi bai wuce “mutumin kirki ne, Allah Ya yi masa rahama” ba. Sai muka tura jikarta mace, wadda suke wasan kishiya da ita. Tana shiga ta ce, “Hajiya, yau sai kin gaya mini yadda aka yi kika ƙwace mini miji.” Tsohuwa ta yi dariya, ta yi ta zuba har aka kira azahar. Jika ake turawa wurin kaka, tsara kuma wurin tsara.

Da waya muka ɗauki murya, bayan an nemi izini. A sa ta yanayin da kira ba ya shiga, domin kira ɗaya yana yanke ɗaukar ba ka sani ba. A ɗora ta kan matashi ko zane a naɗe, kamu biyu daga bakin mai magana, a kashe fanka, a nisanci janareta. Minti arba'in zuwa arba'in da biyar ya isa zama ɗaya. In aka wuce haka tsoho ya gaji, sai ya riƙa amsa “haka ne” ga duk abin da aka ce masa. Da hantsi ya fi, kafin rana ta yi zafi. Kuma mutum ɗaya-ɗaya. Mun gwada tara 'ya'yansa huɗu a ɗaki guda, babban ya yi magana, sauran suka bi shi da to. A farkon kowace ɗauka mai tambaya ya faɗi kwanan wata, da wanda ake hira da shi, da dangantakarsa da mamacin, don bayan wata shida ba mai iya bambance muryoyin gwaggo uku.

Tambayar “wane irin mutum ne?” addu'a kawai take jawowa. Abin da ke buɗe baki shi ne ƙaramar tambaya: me yake yi tsakanin asuba da fitowar rana, a wane sahu yake tsayawa, da wa yake cin abinci, in ransa ya ɓaci me yake yi. Daga irin waɗannan muka ji cewa yakan riga ladan zuwa masallaci ya cika randar alwala, guga shida, kullum, har ƙafa ta hana shi. Maƙwabcin gonarsa ya ce ranar ɗaurin gero ba a kai dami ko ɗaya rumbu sai ya tsaya ya ƙirga, ya ware ɗaya cikin goma na zakka, ya aika da shi tun daga gona. Ɗaya daga 'ya'yan riƙon kuwa ta ce ba ta san ɗiyar wansa ce ita ba sai da maganar aurenta ta taso aka zo batun waliyyi, domin akushi ɗaya, ɗinkin Salla ɗaya, faɗa ɗaya. A nan ne na fahimci yaƙin shekara uku ne ko huɗu cikin rayuwar da ta haura tamanin, kuma in ba mu yi hankali ba kaki zai cinye mutumin.

Tsofaffi ba sa ba da shekara da lamba, da abin da ya faru suke ba da ita. Don haka muka riƙe ɗan jadawali a gefe: Sarkin Katsina Dikko ya rasu 1944, Sarkin Kano Abdullahi Bayero 1953, Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna 1956, an kashe Sardauna a Janairun 1966, naira ta maye gurbin fam a 1973. In gwaggo ta ce an haife ta damina biyu bayan zuwan Sarauniya, ka sami shekararka.

Yanzu takardar sallama. Kada a yi gaggawar buɗe ta, musamman da hunturu, lokacin da tsohuwar takarda ke karyewa a kan lanƙwasa kamar busasshen ganye. Da damina ta fi laushi. Mun buɗe tamu a hankali kan tebur mai tsabta, muka sa ta tsakanin fararen takardu biyu, muka ɗora littattafai masu nauyi mako guda. Ba a manna mata salatif, gam ɗinsa yana cin tawada ya bar jan tabo. Ba a kai ta a rufe da ledar nan ta zafi, domin in ta shiga ba ta fitowa, zafin kuma yana ƙona ta. Allura ko ƙusar ofis da ta yi tsatsa a cire ta. Hoton takarda a inuwa ake ɗauka da hasken rana, ba walƙiyar waya, gaba da baya. Wanda ya sami na'urar sikanin, 300 dpi ya isa takarda, hoto kuwa 600. In za a aika wa dangi ta WhatsApp, a tura a matsayin fayil. In aka tura a matsayin hoto sai ya matse shi ƙananan rubutun su dushe.

Abu mafi daraja a takardar ita ce lambar sojan, wadda ga 'yan Najeriya take farawa da NA. Suna ba abin dogaro ba ne. Akawun ɗaukar kurata yakan rubuta sunan yanka ya liƙa masa sunan gari, ba sunan uba ba, ya kuma rubuta shi yadda kunnensa ya ji: Garba ya koma Garuba, Muhammadu ya koma Momo ko Mama. Garin ma wani lokaci inda aka ɗauki mutum ne, ba inda aka haife shi ba. Gajerun haruffan da ke cikin takardar, na muƙami da bataliya, tsofaffin sojoji na ƙungiyar 'yan mazan jiya ta garinmu ne suka warware mana su a zama ɗaya.

Ɗan ƙyallen nan mai masu biyu shi ya nuna mana rundunarsa. A 1943 Ingila ta kafa manyan rundunoni biyu na sojojin Afirka ta Yamma don yaƙar Japan a ƙasar Burma, wadda tsofaffinmu ke kira Bama, yau kuma ake kira Myanmar. Runduna ta 81 alamarta baƙin gizo-gizo ne a kan ɗorawa. Runduna ta 82 alamarta masu biyu ne a gicciye a kan gammo, gammon ɗaukar kaya da muka sani, domin a dajin Arakan da ke yammacin Burma babu hanyar mota, a ka ake ɗaukar harsashi da abinci, abin da ya ƙare kuma jirgin sama ya jefo. Tamu ta gammo ce. A cikin ta 82, birged ta 1 tana da bataliya ta 1 da ta 2 da ta 3 na Najeriya, birged ta 2 mutanen Gwalkwas ne, wato Ghana ta yau, birged ta 4 kuma tana da bataliya ta 5 da ta 9 da ta 10 na Najeriya. Adireshin da ke bayan ambulan wasiƙunsa ya sa shi a birged ta 4.

Wannan ya gyara mana labari uku da suka daɗe suna yawo a gidan. Na farko, yara sun taso suna cewa kaka ya yi yaƙin Hitila, ya kashe Jamusawa. Sunan zamanin ke nan, amma da Japanawa ya gwabza. Na biyu, wasu jikoki da suka ji Bama sun ɗauka ta Borno ce. Na uku ya fi wuya, don babban ɗansa ya haƙiƙance cewa ya je Habasha. Gaskiya ne sojojin Najeriya sun yi yaƙin Italiya a Gabashin Afirka, sun bi ta Mogadishu har Harar ta ƙasar Habasha a 1941, amma bataliya ta 1 da ta 2 da ta 3 ne, kuma an gama wannan yaƙi a Nuwamban 1941, kafin ranar ɗaukar da ke takardarsa. Lambobin ma sun ba da shaida. Biyu taurari ne na tagulla masu tsini shida: ɗaya ta 1939 zuwa 1945, ƙyallenta shuɗi mai duhu da ja da shuɗi mai haske, ɗaya Tauraruwar Burma, ja a tsakiya, gefe da gefe shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo. Ta uku zagayayyiya ce fara, kan Sarki Joji na Shida a gaba, zaki a baya. Wanda ya je Habasha da an ba shi Tauraruwar Afirka mai ƙyalle launin yashi da jan ratsi a tsakiya, babu ita kuwa a akwatin. Abin lura, Ingila ba ta buga sunan mai ita a jikin lambobin wannan yaƙi ba, don haka lamba ita kaɗai ba hujja ba ce sai an haɗa ta da takarda. Kuma kada a goge su da toka ko lemon tsami ko yashi don su yi ƙyalli. Busasshen tsumma mai laushi ya isa, tsohon ƙyallen kuma a bar shi ko ya koɗe.

Wurin da muka fi daɗewa a ruɗe shi ne sunayen wurare. Kusan duk wanda muka tambaya ya ce Malam yakan ambaci Dalet da Kalapanzin, muka rubuta cewa ya zauna a Kaduna, tunda barikoki ne a can. Ashe barikokin ne suka ci sunan wuraren yaƙin. Kalapanzin kogi ne a Arakan, ta kwarinsa runduna ta 82 ta bi ta kama Buthidaung a Disamban 1944. Myohaung, da ke da bariki a Legas, tsohon birnin Arakan ne da rundunonin biyu suka haɗu suka ƙwace a Janairun 1945. Dalet da Tamandu da An da Letmauk duk can suke, a kudu da nan, inda aka ci gaba da gumurzu a watannin da suka biyo. Da muka shimfiɗa taswira muka bi sunayen da ya riƙa ambata, sai ga su a jere daga arewa zuwa kudu, yadda ya taka su da ƙafa. Mai son sanin inda bataliya take a kowace rana, littattafan da hafsoshi suka riƙa cikawa kullum suna gidan adana takardun Ingila da ke Kew a Landan, a rukunin WO 172. Sai dai sunayen hafsoshi suka fi yawa a ciki, ƙaramin soja ba kasafai ake ambatonsa ba. Shafin CWGC, hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi na ƙasashen renon Ingila, kyauta ne a intanet, amma na waɗanda suka mutu a yaƙin ne kawai. Mun yi amfani da shi don abokinsa da ya ambata a wasiƙa ta biyar cewa ya riga mu gidan gaskiya. Sai da muka gwada rubutun sunan iri uku kafin ya fito, a cikin sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, da aka zana a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon.

Wasiƙun sai da muka nemi alaramma wanda ya saba da tsohon rubutun Magaribi, don mai karatun Islamiyya na yanzu yakan rikita fa'un da ƙafun a wannan hannu. Ya karanta da ƙarfi muna ɗauka, sannan aka juya zuwa boko. Babu sunan gari ko labarin faɗa a cikinsu, domin ana tace wasiƙun soja kafin su fita. Gaisuwa ce ga mahaifiyarsa, da tambayar ko kuɗin da ya aiko sun iso, da umarnin a biya wani bashin sule uku, da roƙon a sa shi a addu'a.

Maganganu biyu nasa da mutane da yawa suka maimaita mun iya gwada su da ilimi, kuma dukansu sun tsaya. Yakan ce a Bama yamma ake fuskanta a yi salla. Yaran gida suna jin abin kamar almara, tunda a wurinmu gabas da alƙibla kalma ɗaya ce. Amma Makka tana yamma da Burma, ko a taswirar makaranta ana gani. Liman ya ce ya taɓa gaya masa cewa kwanakin farko zuciyarsa ba ta natsu ba sai da ya ga Musulmin ƙasar sun juya haka. Yakan kuma ce da azumi a bakinsa labarin ƙarewar yaƙi ya same su. Japan ta sanar da miƙa wuya ranar 15 ga Agusta 1945, watan Ramalan na 1364 kuwa ya kama ne wajen 10 ga Agustan. Maganarsa ta zauna daram.

Ganyen ƙarshe na cikin gafaka ya fi komai amfani ga zuriya: ya rubuta haihuwar kowane ɗa da ranar mako da watan Musulunci da shekara. Wajen juya su zuwa lissafin bature, manhajar waya takan saɓa da kwana ɗaya ko biyu, saboda da ganin wata aka yi aiki ba da lissafi ba. Ranar makon ita ce alƙali: in ya rubuta Talata manhaja ta ba da Laraba, a koma Talatar. A tuna kuma shekarar Hijira ta gaza ta bature da kusan kwana 11, don haka shekara 33 a can 32 ce a nan.

Akwai abin da muka yi ta muhawara a kai. Hajiya ta faɗa wa jikarta cewa shekarun farko bayan dawowarsa, in aka yi tsawa da dare yakan zabura ya fita tsakar gida, sai ya yi alwala ya yi ta nafila har gari ya waye, kuma bai taɓa yarda yara su buga abin fashewa a ƙofar gidansa ba. Wasu suka ce a cire, tonon asiri ne. Ni ina cikin masu cewa a bari, don ba aibi ba ne, kuma wanda bai san wannan ba ba zai gane nauyin sallar daren nan ba. Aka koma wa Hajiya, ta ce a rubuta, amma a faɗa yadda ta faɗa. Abin da ya shafi saɓani tsakanin mata da rikicin dangi kuwa mun bar shi a faifai, ba mu buga ba; Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana zagin matattu, masu rai ma suna da haƙƙi.

Ɗan littafin ya tashi shafi 24, don maɗaba'a da huɗu-huɗu take lissafi. Shafi shida kawai muka ba yaƙi, sauran gida ne da gona da masallaci da jerin zuriya. Kowane labari mun sa masa alama ɗaya cikin uku: takarda ta tabbatar, ko mutum biyu sun faɗa ba a gaban juna ba, ko mutum ɗaya ne ya faɗa. Hotonsa na kaki a ciki muka sa shi, ba a bango ba, don akwai dattawan da ba sa son hoto a fili. A kai wa mai bugawa PDF, a kuma nemi gwaji ɗaya kafin a buga duka. Gwajinmu na farko duk ƙ da ɗ da ɓ sun koma akwatuna saboda kwamfutar shagon ba ta da irin harafin. Kwafi 50 muka buga.

Batun taro ma sai da aka bi a hankali, tunda a gida ɗaya akwai masu saukar Alƙur'ani ga mamaci akwai waɗanda ba sa yi. Muka ajiye karatun littafin a zaman zumuncin da aka saba yi kwana biyu bayan Babbar Salla, ba a sa masa sunan wata sadaka ba, kowa ya yi addu'a yadda ya fahimta. Abin da ba a yi saɓani a kansa ba shi ne hadisin da Muslim ya ruwaito, cewa aikin ɗan Adam yana yankewa in ya mutu sai abu uku: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Kuɗin da ya ragu bayan bugu aka yashe rijiyar masallacin da yake ɗibar ruwa, aka ɗaure bakinta da siminti, aka sa murfi da sabuwar igiya.

Lambobin da takardun dukiyar magada ce, don haka ba wanda ya ɗauka don shi ya yi wahalar aikin. Aka rubuta yarjejeniya ta layi biyar, magada suka sa hannu, cewa za su zauna a hannun babbar 'yarsa, ba a sayarwa, duk jikan da ya so gani a nuna masa. Kowace takarda tana cikin farar takarda tata, lambobin a naɗe cikin farin ƙyallen auduga ba leda ba, don leda tana tara gumi. Akwatin an ɗaga shi kan katako nesa da bango, ana buɗe shi sau biyu a shekara, farkon damina da ƙarshenta, a duba gara da danshi. Muryoyin, awa goma sha ɗaya, suna wuri uku: kwamfuta ɗaya, ɗan filashi a gidan wani kawu a wani gari, da ma'ajiyar intanet da mutum biyu suka san mabuɗinta. Gafakar kuwa Hajiya ta ce a mayar da ita zaure, kan ƙusar da take.